Ranar da Baba Ya Ɗora Mota Kan Turmi

Assalamu alaikum, Yaya Sahabi. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta. Allah ya kai ka Goronyo lafiya, ya sa ka shiga gidan Kawu Ladan da ƙafar dama, ya tsare ka a cikin mota da ƙarƙashinta.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna ba ta sani ba. Baba yana maganarka kullum. Na san ba za ka yarda ba. Kai ne ɗan fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunanka ba, kuma idan ka shigo zaure sai ya ɗauki rediyo ya hau murɗawa kamar tasha ta ɓace masa. Amma da hantsi, idan na zauna ina shafa masa man kaɗe a hannunsa na dama, wanda mota ta danne, bakinsa yana buɗewa. Ina jin don ni ba mai magana ba ce. Ba ni yake kallo ba, bango yake kallo.

Tun ranar da ya ji ka ta bayan zana kana gaya wa abokinka cewa da ka kai akori-kurar nan Goronyo za ka sauke bayanta, ka rage mata tsawo, da kanka a ƙofar gidan Kawu, bai sake wata hira ba sai ta motar. Yakan ba da labari, in ya gama ya ce, "Da wani zai ji."

Rannan na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, in gaya mishi?"

Ya ce, "Mi na ce? Shafa hannu aka sa ki ko tambaya?"

Bai ce a'a ba. Shi ya sa na zauna na rubuta maka kamar shi ne yake rubutawa. Maganar tasa ce, inda na manta kuma na sa abin da na san zai faɗa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji shida na tsaya. Ga Baba.

Kai yaro, ina gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya raba ka da mugun ji da mugun gani.

Na ba ka mota, kuma abin da aka ba mutum ya zama nasa. Ba zan ce kada ka taɓa ta ba. Ni ma na sauke bayanta, ba sau ɗaya ba, kuma duk shigar da na yi ƙarƙashinta sai da na fito da wata ɓarna. Ka san hannuna, amma ba ka san hanyar da na bi har na kai ga haka ba. Lokacin kana makaranta a Achida, aka ce maka tsautsayi ne. Tsautsayi ne, amma da ƙafata na je na same shi.

Sa'ad da na sayi motar nan bayanta daidai yake da gabanta. Da kakar albasa ta zo na yi abin da kowane direba yake yi, na kai ta wurin Mode makanike a Achida ya ƙara mata sifirin, wato fallayen ƙarfen nan da aka jera kan juna suke riƙe da bayan mota. Ya ƙara mata uku uku a kowane gefe. Bayanta ya tashi sama har 'yan lodin kasuwar Goronyo suka sa mata suna Taguwa. Idan da kaya a kanta, lafiya lau take tafiya. Idan babu, tsalle take yi kamar ɗan akuya.

Ban damu ba sai da kakarka, mahaifiyata, ta kwanta ciwo aka ce a kai ta asibiti Sakkwato. Ba ta iya zama, sai muka shimfiɗa mata katifa a baya. Sai da maza suka taru kafin aka ɗora ta, don tsawon motar. Kowane rami muka faɗa sai ta tashi sama ita da katifar. Muna isa Achida ta sa aka buga mini rufin mota, na tsaya, na zagayo. Ta dube ni ta ce, "Umaru, in kashe ni za ka yi, sauke ni ka kashe ni ƙasa." A ranar na ƙudura zan sauke bayan motar.

To ka ga ni ina da dalili, kuma duk da haka na yi ɓarna. Ina ga wanda ba shi da shi? Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka zauna ka tambayi kanka mi za ka riƙa ɗauka. Idan mutanen kasuwa ne da awaki da kayan shago, sauke ta, za su gode maka, tsofaffi za su hau ba sai an tura su ba. Idan albasa ce, bar ta yadda take. Mota ɗaya ba ta zama jaki kuma ta zama doki. Idan kuma don ka gani a waya ne, motocin da cikinsu ke shafar ƙasa, to ka tuna ba a kan hanyar Rabah suke tafiya da damina ba.

Kuskurena na farko, shawara na ɗauka a teburin mai shayi. Wani mutum da ko keke bai taɓa mallaka ba ya ce mini abin ba wuya, a kai wa mai walda ya hura wa sifirin wuta har ya yi ja, motar za ta zauna da kanta. Na ji daɗin maganar don ba kwancewa, ba ɓata yini. Mai walda ya hura, mota ta zauna, ta yi kyau kamar amarya. Na yi ta zagaya gari ina gaishe da mutanen da ban saba gaisarwa ba.

Ba a yi nisa ba na ɗauko gero daga wajen Maikujera. Ina cikin tafiya na ji ƙara a bayan hagu, motar ta durƙusa. Sifirin ya karye daidai inda wuta ta taɓa. Manoma ne suka bar aikinsu suka zo, muka sa guntun itace muka ɗaure da igiyar rijiya, na lallaɓa har Achida. Mode ya leƙa, ya ga ƙarfen ya yi shuɗi, ya ɗago kai ya ce, "Malam Umaru, wa ya gasa maka shi? Ka sa mishi yaji dai ko?" Yaransa suka yi ta dariya har ɗaya ya yar da sifana.

Ba a sa wa sifirin wuta. Ƙarfen nan an riga an yi masa tasa wutar tun inda aka ƙera shi, ita ce ta sa yake lanƙwasa ya dawo. Ka ƙara masa wata, ka kashe shi. Kuma shawarar mota, ka neme ta wurin wanda farcensa baƙi ne.

Dariyar nan ta yaran Mode ita ce ta jawo sauran. Ya sa mini wani sifirin mai kauri irin na da, mota ta koma Taguwa, ni kuwa na ce ba zan sake kai kaina a yi mini dariya ba. Zan zare fallayen da kaina a gida. Na ga ana yi, na ɗauka gani shi ne iyawa.

Ban auna komai ba. Da ido na duba na ce yatsa huɗu ya isa. Kai kada ka yi haka. Ka tsayar da ita inda ƙasa ta daidaita, babu kaya a kanta, iskar tayoyi daidai. Ka samu karan dawa biyu, ka auna daga ƙasa zuwa leɓen bodi da ke saman taya, ka yanke, ɗaya na dama ɗaya na hagu, ka yi musu alama. Idan ka gama aiki su za su gaya maka gaskiya. Ido yana son mai shi, kara ba ya son kowa.

Akwai ƙusa guda da ta ratsa tsakiyar fallayen ta haɗe su, makanikai suna ce mata santabol. Na ɗora sifirin a tsakar gida na hau kwance ta hankali kwance, ban san fallayen a matse suke kamar baka da aka ja ba. Noti na fita suka watse. Ɗaya ya wuce ta gefen kunnena ya fasa randar Innarku. Ta fito daga ɗaki ta ga ruwa yana bin ƙasa, ta dube ni, ta ce, "Sannu da aiki, makanike." Da kaina ya samu, da ba randa aka yi wa jaje ba. Kafin ka taɓa santabol, ka matse fallayen gam da abin matsewa na ƙarfe irin na kafintoci, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Idan noti ya fita, sai ka riƙa sassautawa kaɗan kaɗan har su huce. Kuma kada yaro ya tsaya kusa yana kallo.

Da suka watse sai suka gauraye mini. Na zare biyu a dama, biyu a hagu, na ce lissafi ya yi. Ashe na dama dogaye na zare, na hagu gajeru. Da na sauke mota sai ta karkata kamar mai ciwon haƙori. Ka yi wa kowane falle alama da alli kafin ka raba su. Abin da ka zare a dama, ɗan'uwansa za ka zare a hagu. Doguwar ta sama mai ido biyu, wadda ke riƙe da jikin mota, ita ce uwa, ba a taɓa ta, ba a taɓa mai bi mata. Cikin waɗanda Mode ya ƙara za ka zara, kuma ka fara da ɗaya. Idan bai isa ba ka ƙara. Wanda ya zuba gishiri kaɗan yana da gyara.

Sannan ga yubol, lanƙwasassun ƙusoshin nan da ke rungume sifirin da ƙarfen tayoyin baya. Tsofaffin na mayar. Tun da fallaye sun ragu, sai noti ya ƙare zarensa bai matse ba. Maimakon in tafi in sayo sababbi daidai kaurin, sai na tattaro wasu 'yan ƙarafa masu huda na cusa, na ɗaure, na ce ya yi. Kwana kaɗan ƙarfen tayoyin ya goce. Ni a ciki ban sani ba, sai dai na ji sitiyari yana ja gefe. Yara ne a bakin kasuwar Wurno suka bi ni suna cewa ga mota mai tafiyar kare, gaba na nan baya na can. Wani tsoho a kan jaki ya tsayar da ni ya ce, "Direba, ina za ka, Rabah ko Goronyo? Na ga motarka ba ta yanke shawara ba."

Yubol sabo ake sa wa. Tsoho ya riga ya miƙe, ba ya riƙo. Ka ɗaure su a gicciye, wannan kaɗan wancan kaɗan, ba ka gama da ɗaya ka koma ɗaya ba. Ɗaurin ƙarshe sai mota ta sauka ta tsaya da ƙafafunta. Bayan ka yi kasuwa ɗaya ka sake bin su da sifana, za ka tarar sun saki. Ka duba robar da ke kai man birki baya, kada ta naɗe ko ta goga da wani ƙarfe. Ka duba shokozoba, abin nan da ke shanye girgizar mota, idan mota ta sauka yana iya ƙurewa ya riƙa bugu. Ka duba fitilu kuma, don idan baya ya sauka gaba yana ɗaga kai. Ni na yi ta haska rassan itatuwa, masu babur suna zagina, ina cewa mutane ba su da tarbiyya.

Na gyara wannan, na daidaita fallayen, na ɗaure, mota ta miƙe. Na ce to an gama. Ashe babban yana gaba, kuma ba a cikin ƙarfe yake ba.

Mota tana da suna a kasuwa, kamar mutum. 'Yan lodin Goronyo ba sa tambayar direba buhu nawa za a sa. Sun san kowace mota da abin da take ci, sun riƙe a ka, kuma abin alfaharinsu ne a ce ba su taɓa tambaya ba. Da na shiga da ita ranar kasuwa, babbansu, wani ƙaƙƙarfa da ake kira Ɗan Ige, ya hango ni ya ce, "Ga Taguwa ta iso. Ku ba ta abincinta." Suka hau jera buhunan albasa, irin masu hula a ka. Ina tsaye ina kallon bayanta yana sauka. Da aka kai rabi na ga taya ta kusa taɓa bodi.

Na ce, "Ɗan Ige, ko a dakata haka nan?"

Ya ce, "Haba Malam Umaru, yau kuma? Taguwa ba ta ƙin kaya. Ko tsufa ya kama mai ita?"

Mai albasar yana tsaye, sauran direbobi suna tsaye. Abin da ya kamata in ce gajere ne: na zare mata sifirin, ba ta ɗaukar na da. Amma idan na faɗa za a tambayi wa ya zare, a ina, kuma labarin gashin nan ya riga ya zaga tasha. Sai na yi dariya na ce su cika ta.

Ban kai rabin hanyar Wurno ba na ji warin roba. Kafin in samu wurin tsayawa tayar dama ta fashe, bodi ya yanke ta kamar wuƙa. Allah ya taimake ni ba gudu nake yi ba, motar ta sauka gefen hanya ta jingina da tudu. Igiya ta tsinke, albasar mutane ta bazu har cikin gona. Akwai yaron mai kayan a zaune a saman lodi. Ya faɗo cikin ƙasa mai laushi ya tashi yana karkaɗe riga. Har yau idan na tuna yaron nan sai abinci ya fita raina.

Saboda haka ranar da ka sauke bayan motar nan, kafin buhu ɗaya ya hau, ka je wurin Ɗan Ige, ko wanda ya gaje shi, ka gaya masa da bakinka a gaban yaransa cewa Taguwa ta tsufa, ga abin da take ɗauka yanzu. Za su yi maka ba'a. Ka bar su su yi, ba'a ba ta fasa taya. Idan ana lodi ka riƙa sa dunƙulen hannunka tsakanin taya da bodi. In bai shiga ba, a sauke buhu, ko na wane ne.

Yanzu ga hannun.

Na dawo gida da kunya, na ce zan mayar da falle ɗaya ɗaya kafin wata kasuwar, kuma ba na son kowa ya gani. Na zaɓi ranar Juma'a, lokacin da maza suka fara tafiya masallaci, na ce zan gama kafin a tada salla. Na shigo da motar ta ƙofar baya, inda ƙasa rairayi ce. Na kafa jak a kan rairayin haka nan, ko katako ban sa masa ba. Ban sa dutse a tayoyin gaba ba. Na ɗaga, na cire taya, na jingina ta da bango can nesa. Sai na ga ya kamata a ce akwai abin da ya tokare motar ban da jak. Na duba tsakar gida, na ga turmin Innarku.

Turmi ne mai kyau, na gidan ubanta, ya sha daka shekara da shekaru bai tsage ba. Ta ce, "Malam, turmin daka ne fa." Na ce abin da ya jure taɓarya zai jure mota. Na kifa shi ƙarƙashin motar na shiga.

Noti ɗaya ya ƙi kwantuwa. Na sa ƙarfi na ja. Motar ta motsa gaba kaɗan, jak ya nutse ya kwanta, nauyin duka ya koma kan turmi. Na ji ya yi ƙara sau ɗaya. Turmi daga sama yake karɓar bugu, a cikinsa, ba a gindinsa ba, kuma icce idan zai tsage ba ya sallama. Ya rabe biyu, ƙarfe ya sauko kan hannuna.

Babu namiji ko ɗaya a unguwa. Innarku ta fita ko mayafi babu tana kiran maƙwabta. Matan da ban taɓa ganin fuskarsu ba, shekara da shekaru muna katanga ɗaya, suka shigo da taɓarensu. Tsohuwa Hajo ta gidan liman ita ta tsara su. Ta sa aka mirgino dutsen niƙa, aka ɗora taɓare a kai, aka cusa bakinsu ƙarƙashin mota. Ta ce, "Ku danna gaba ɗaya in na ce bisimilla. Ke Kulu, bar kuka, ja mijinki." Suka danna, motar ta ɗaga kamar faɗin yatsa biyu, Innarku ta ja ni ta ƙafa. Ina kwance ina jin liman yana kabbara a lasifika.

Da za a fita da ni Hajo ta sunkuyo ta ce, "Umaru, da ka jira an sauko masallaci, da maza sun ɗaga maka. Yanzu ga shi mata sun gan ka."

Yatsu uku ba su sake lanƙwasa ba. Sitiyari ba na iya riƙe shi nesa, allo ba na iya rubutawa, tuwo da cokali nake ci kamar baƙo. Mode ne ya zo har gida da yaransa ya mayar da fallayen duka, bai yi mini ba'a ba, bai kuma karɓi ko sisi ba. Shi ya sa ka tarar da ita da tsawo yadda take yanzu.

To ka ji. Ƙasa mai tauri za ka nema, ba rairayi ba. Katako mai kauri ƙarƙashin jak. Duwatsu gaba da bayan tayoyin gaba, giya a ciki. Jak ɗagawa yake yi, ba ya riƙo. Abin da ke riƙe mota ƙafafun ƙarfe ne irin na gareji, a kafa su ƙarƙashin ƙashin motar, dama da hagu. Mode yana da su, zai ba ka aro idan ka roƙa. Ba turmi ba, ba bulo ba, ba kututture ba. Tayar da ka cire ka kwantar da ita ƙarƙashin mota, in komai ya ƙi ita za ta karɓa. Kafin ka shiga, ka girgiza motar da ƙarfinka duka. In za ta faɗi, ta faɗi kana tsaye. Kuma kada ka shiga sai da babban mutum zaune kusa, wanda zai iya ɗaga jak, ba yaro mai miƙa sifana ba. Ranar Juma'a kuwa ka tafi masallaci.

Idan na duba, wuta da santabol da yubol duk rashin sani ne, ana koyonsu. Abin da ya ci hannuna kunya ce. Na ji kunyar komawa wurin Mode, na ji kunyar Ɗan Ige, na ji kunyar maƙwabta su ga ina gyaran abin da na ɓata. Kunya ado ce a zaure. Ƙarƙashin mota ba wurinta ba ne.

Ka gaishe da kawunka. Ka ci abin da aka ba ka a gidansa, kada ka riƙa kwana a tasha. Ka riƙe salla a kan lokaci ko lodi ya tsaya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka kasuwa mai albarka, ya dawo mana da kai da yatsunka goma. Amin.

Yaya, nan maganar Baba ta ƙare. Saura tawa, kaɗan ce.

Da nake rubuta wurin kunyar nan sai na ajiye biro na daɗe. Na ga ita ce dai har yanzu take zaune tsakaninku, shi yana gaya wa bango, kai kana gaya wa abokinka ta bayan zana. Ni ma ina da tawa, ka sani, ko baƙuwa ta yi sallama ɗaki nake shigewa.

Jibi ka ce za ka tafi. Idan ka duba bayan kujerar mota ba za ka ga jak ba. Ni na ɗauke shi, amma ban ɓoye shi ba. Yana bayan ɗakin Inna, cikin rabin turmin nan da kaji suke ƙwai a ciki. Ba ta yarda an sa turmin a wuta ba. Ina so ka je ka ɗauka da hannunka, ka ga inda ya tsage.

Idan bayan ka gani har yanzu kana son sauke ta, ina roƙonka ka yi a nan kafin ka tafi, a ƙofar gida inda ƙasa ke da tauri, da ƙafafun ƙarfen Mode. Baba zai fito da tabarmarsa gindin dalbejiya ya ce rediyo yake saurare. Ba zai dube ka ba, ba zai kira sunanka ba, kada ka jira wannan. Zai dai riƙa magana da bango.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Inna tana gaishe ka, ko da yake ba ta san na rubuta ba.

Ni na riga na yanke shawara. Ranar zan sa hijabina in tsaya a bakin zaure, ko abokanka suna nan, ko duk unguwa ta taru. Duk abin da Baba ya gaya wa bango, zan maimaita shi da ƙarfi yadda za ka ji daga ƙarƙashin mota.

Ƙanwarka,
Shafa'atu